IN KWAMFUTA TA CIJE WAJEN SABUNTA TA

Akwai wani maƙwabcina, mai kula da sito ne a wata masana'antar roba da ke Sharada. Mutum ne mai amana, shi ya sa abokan aikinsa suka damƙa masa riƙon adashinsu. Sunan kowa, da zubin kowa, da ranar kwasar kowa, duk suna cikin wata tsohuwar kwamfutar cinya da ya saya ta hannu, irin waɗanda a ke kira 'yan Beljiyam. A cikinta kuma akwai hotunan iyali, da aikin makarantar 'yarsa.

Wata rana bayan sallar isha ya yi mini sallama, kwamfuta a hammata, gumi yana keto masa. Ya ce, "Malam, na shiga uku. Ita ce ta nemi in sabunta ta, na yarda. Ana tsakiyar aiki aka ɗauke wuta. Yanzu in na kunna, sai waɗansu ɗigogi su yi ta kewayawa, ba ta gaba, ba ta baya. Ga ƙarshen wata ya zo, ban san wanda zai kwasa ba. Gobe da sassafe zan kai a yi mata fomat."

Na ce, "Maigida, zauna tukuna. Ka san abin da a ke nufi da fomat?"

Ya ce, "Ai gyara ne."

Na ce, "Shara ce. In an yi mata fomat za ta tashi lalle, amma lissafin adashinku ya tafi ke nan."

Ya yi shiru.

Abin da ya sami mutumin nan yana samun mutane da yawa. Ma'aikatan Bompai da Sharada da Challawa, akawu ne ko makaniki ko mai lissafin kaya, da dama sun sayi irin wannan kwamfuta don amfanin gida. Saboda haka za mu bi maganar daki-daki. Abin da za ka riƙe tun yanzu shi ne wannan: in sabuntawa ta cije, galibi kwamfutar ba ta mutu ba, kayanka kuma suna nan. Gaggawa ce ta fi hallaka su.

MECE CE UWAR MANHAJA?

Manhaja ita ce umarnin da a ka rubuta wa kwamfuta don ta yi wani aiki. Akwai ta rubutu, akwai ta lissafi, akwai ta kallon hoto. Amma akwai guda ɗaya da ke bisa kansu duka. Ita mu ke kira uwar manhaja. Wadda a ka fi sani a ƙasar nan ita ce Windows, ta kamfanin Microsoft na Amurka.

Duk wanda ya taɓa aiki a masana'anta ya san heluma, watau shugaban ma'aikata. Heluma ba ya jima fata da hannunsa, ba ya narka roba. Amma shi ke raba aiki, shi ke cewa wannan inji ya tashi, wancan ya tsaya, shi ya san inda kowane kaya ya ke. To, uwar manhaja ita ce helumar kwamfuta.

A ƙarƙashin heluman nan akwai abubuwa huɗu da ya kamata ka sani.

Na fari, furosesa. Shi ne babban injin da ke yin aikin.

Na biyu, ram. Shi ne teburin aiki. In tebur ƙarami ne, aiki ba ya sauri.

Na uku, ma'ajiya. Ita ce siton da a ke tara takardunka da hotunanka. Ko an kashe kwamfuta suna nan.

Na huɗu, direba. Wannan ba direban mota ba ne. Wata 'yar manhaja ce da ke yin tafinta tsakanin heluma da kowane sashe, kamar firinta, ko lasifika, ko allon kwamfutar.

Girman ram da na ma'ajiya da gigabait a ke auna su, kamar yadda a ke auna hatsi da mudu. A taƙaice a kan rubuta GB.

DON ME A KE SABUNTAWA?

Kamfanin da ya yi uwar manhaja ya kan riƙa aiko mata da gyare-gyare ta intanet, don toshe ƙofofin da ɓarayi ke bi su shiga. Amma kowace tana da wa'adi. Windows 7 ta fito a 2009, a ka daina kula da ita ran 14 ga Janairu 2020. Windows 10 ta fito ran 29 ga Yuli 2015, wa'adinta ya cika ran 14 ga Oktoba 2025. Wadda ta gaje ta ita ce Windows 11, wadda ta fito ran 5 ga Oktoba 2021.

Cikar wa'adi ba ya kashe kwamfuta. Za ta ci gaba da aiki. Amma ta zama kamar gidan da maigadi ya bari. Wannan ba wasa ba ne. A watan Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta auka wa kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, har da na asibitocin Ingila. Ta kulle takardun mutane, ta ce sai an biya fansa. Alhali kuwa tun a watan Maris na shekarar an fitar da gyaran da zai tare ta. Waɗanda ba su sa gyaran ba su ne abin ya ci.

Ka ga ashe maƙwabcina bai yi laifi ba da ya yarda a sabunta. Laifinsa ɗaya, bai yi shiri ba.

YADDA AIKIN KE TAFIYA

Sa'ad da za a canja heluma, ba a korar tsohon nan take. Sai ya miƙa wa sabon makullai da littattafai. Haka kwamfuta ta ke yi.

Da fari ta kan jawo sabuwar manhajar daga intanet. Wannan kaya ne mai nauyi, gigabait da yawa. Sa'an nan ta tattara tsohuwar manhajar ta ajiye ta a wata jaka cikin ma'ajiya, sunanta Windows.old. Sa'an nan ta shimfiɗa sabuwar. Cikin wannan aiki ta kan kashe kanta ta kunna kanta sau da dama. Kada wannan ya ba ka tsoro.

In wani abu ya hana aikin ƙarewa, an shirya ta yadda za ta kira tsohon heluma ya koma kan kujerarsa. Za ka ga rubutun Turanci yana cewa tana warware canje-canjen da ta yi. Wannan albishir ne. Ƙyale ta ta gama.

Ko da aikin ya ƙare lafiya, tsohon heluma ya kan zauna har kwana 10. Cikin kwanakin nan in sabuwar ba ta yi maka ba, kana iya komawa. Bayan kwana 10 sai kwamfuta ta share jakar da kanta. Kai dai kada ka share ta da hannunka don neman wuri, sai ka tabbata kome yana tafiya daidai.

ABU NA FARI: HAƘURI

In ka ga lamba ta tsaya a wuri guda, misali kashi 30 ko 75 cikin ɗari, kada ka yi saurin kashewa. Tsohuwar kwamfuta ta kan daɗe. Aikin da sabuwa za ta yi cikin rabin awa, tsohuwa sai ta ci awoyi. In tana da 'yar fitilar ma'ajiya a gefe, duba ta. In tana ƙyaftawa, ana aiki. Ba ta awa biyu ko uku, caja a jone. Mutane da yawa da hannunsu su ke ɓata aikin, don sun gaji da jira.

In awoyi sun wuce ba abin da ya motsa, to, ta cije. Ga abin da za ka yi.

1. Cire duk abin da ke maƙale a jikinta, watau filash, da firinta, da modem, da katin waya. Bar caja kaɗai.

2. Danne maɓallin kunnawa, ka riƙe, ka ƙirga goma a hankali, har ta mutu. Dakata kaɗan, ka kunna. Sau da yawa daga nan sai ta koma tsohuwar manhajar da kanta.

3. In ta ƙi, sake kashe ta da zarar tambarin kamfani ya bayyana. Yi haka sau biyu. A kunnawa ta uku ta kan buɗe wani shuɗin allo na gyara.

4. A allon nan nemi kalmar Troubleshoot, ka danna. Sa'an nan Advanced options. A ciki akwai Startup Repair, wanda ke gyara hanyar tashi. Fara da shi. In bai yi ba, koma ka zaɓi Uninstall Updates, wanda ke cire abin da a ka sa na baya-bayan nan.

Ga gargaɗi, ka riƙe shi da kyau. A allon nan akwai wani zaɓi, Reset this PC, a cikinsa kuma akwai Remove everything. Ma'anarsa a kwashe kome. Shi da fomat Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Kada ka taɓa shi muddin ba ka kwafe kayanka a wani wuri ba. In ba ka iya karanta Turanci sosai ba, kira wanda ya iya ya zauna kusa da kai. Tambaya ba abin kunya ba ce.

Da ni da maƙwabcina, a mataki na biyu mu ka tsaya. Mun kai ta shagon wani mai janareta, mu ka jona caja, mu ka kashe, mu ka kunna. Ta yi kusan awa guda tana warwara. Can sai ga hoton 'ya'yansa ya bayyana a allo kamar dā. Ya miƙa hannu zai sake danna sabuntawa. Na riƙe hannun. Na ce, "Maigida, kwafi tukuna."

KWAFI TUKUNA

Kafin ka sake gwadawa, sami filash ko ma'ajiyar waje, ka kwafe duk abin da in ya ɓata za ka yi baƙin ciki. Takardu, hotuna, lissafi, aikin makarantar yara. In ka gama, kai filash ɗin wata kwamfuta ka buɗe, ka gani da idonka sun shiga. Abin da ya shafi kuɗin jama'a kuwa, kamar adashi, a buga shi a takarda, ko a rubuta a littafi. Dukiyar mutane ba a ajiye lissafinta a wuri ɗaya tak.

DALILAI SHIDA

Yanzu sai a nemi abin da ya kawo cikas. In ba a gano shi ba, ko sau goma a ka gwada, sau goma za ta cije. Kwamfuta ta kan nuna wata lamba in aiki ya ƙi, wadda ta fara da 0x. Rubuta ta a takarda, ko ka ɗauki hotonta da waya. Lambar nan kamar katin asibiti ce, tana gaya wa mai gyara ciwon.

Na ɗaya, wuta. Wannan shi ne babban ciwonmu a nan. Batirin kwamfutar da a ka saya ta hannu sau da yawa ya riga ya gaji. Wani ba ya riƙe ko minti goma. Kwamfutar tebur kuwa ba ta da batir sam, sai in an haɗa ta da akwatin riƙe wuta da a ke kira UPS. Gwada batirinka tun kafin ka fara: cire caja, ka duba agogo. In ba ya kai awa biyu, kada ka dogara da shi. Yi aikin inda a ke da sola, ko janareta mai isasshen mai. Kada kuma ka fara dab da lokacin da a ke canjawa daga wutar gari zuwa janareta.

Na biyu, ƙarancin wuri. Sabon heluma da tsoho za su zauna a sito ɗaya har kwana 10, don haka dole a sami fili. Lambar wannan ciwo ita ce 0x80070070. Bar fili aƙalla 20 GB, in ya fi haka ma ya fi kyau. Abin da ya fi cika ma'ajiya a gidajenmu shi ne finafinai, da waƙoƙi, da bidiyon biki. Kwashe su zuwa ma'ajiyar waje.

Na uku, direba. In tafinta tsoho ne, bai iya harshen sabon heluma ba, sai magana ta tsaya. Lambar wannan ita ce 0xC1900101, kuma tana cikin waɗanda a ka fi gani. Maganinsa, cire duk kayan da ke jone, sa'an nan ka sa duk gyare-gyaren da tsohuwar manhajar ke jira. In kana da hali, shiga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutarka, ka nemi sababbin direbobinta.

Na huɗu, wata manhaja da ke tare hanya. Lambarta 0xC1900208. Sau da yawa tsohuwar manhajar rigakafi ce, wadda mai sayarwa ya sa tun ranar ciniki, wa'adinta kuma ya wuce tuntuni. Cire ta. Windows tana da mai gadinta a ciki, ba za ka zauna a buɗe ba.

Na biyar, zafi da ƙura. Mutumin Kano ba sai an gaya masa ƙurar hunturu da zafin bazara ba. A cikin kwamfuta akwai 'yar fanka. In ƙura ta toshe ta, furosesa ya kan yi zafi, kwamfuta ta kashe kanta don kada ta ƙone. Sabuntawa kuwa aiki ne mai nauyi, ya kan sa ta zafi. Kada ka ɗora ta bisa katifa ko filo. Sa ta bisa tebur, ka ɗan ɗaga bayanta iska ta shiga. Yi aikin da sanyin safiya ko da dare. In fankar tana kuka, kai a hure ta.

Na shida, agogo da intanet. A cikin kwamfuta akwai wani ɗan batir kamar sulalla, shi ke riƙe kwanan wata. In ya mutu, sai ka ga kwamfuta ta koma wata shekara can baya. In kwanan wata ba daidai ba ne, ta kan kasa yin magana da kamfani. Duba agogon, ka gyara. Batirin nan ba shi da tsada. Haka kuma in data ta ƙare ana tsakiyar jawowa, aiki ya tsaya. Ga dabara: a wurin da intanet ke da ƙarfi, a jawo manhajar gaba ɗaya daga shafin Microsoft, a sa ta a filash mai 8 GB ko fiye. Amma ka sani, wajen shirya filash ɗin a kan share duk abin da ke cikinsa. Kada ka yi amfani da wanda ka kwafe kayanka a ciki.

Akwai kuma wani ciwo da ya fi waɗannan duka. In ka ji ma'ajiya tana ƙas-ƙas kamar agogon bango, ko kwamfuta tana yawan daskarewa tun kafin sabuntawa, to, ma'ajiyar ce ke shirin mutuwa. Kashe ta nan da nan. Duk kunnawar da ka ƙara, lalacewa ka ke ƙara mata. A fara ceto kaya, sa'an nan a sa sabuwar ma'ajiya.

SHIN ZA TA IYA ƊAUKA?

Duk makanikin da ke Bompai ya san ba a ɗora wa ƙaramin inji kayan babba. Windows 11 tana da sharuɗɗa, kuma nan ne tsofaffin kwamfutoci da yawa su ke faɗuwa. Ga manyan cikinsu: ram 4 GB, ma'ajiya 64 GB, da wani ɗan sashen tsaro da a ke kira TPM 2.0, da kuma furosesa wanda ba tsoho ƙwarai ba. In kwamfuta ta gaza, lambar da ta kan nuna ita ce 0xC1900200.

Ga yadda za ka gane shekarun furosesa na kamfanin Intel. Duba sunansa, misali Core i5-8250U. Lambar da ke biye da 'yar sandar nan ita ce zuriyarsa. Wannan zuriya ta 8 ce. Core i5-3320M kuwa zuriya ta 3 ce. In lambobin biyar ne, kamar i5-10210U, biyun farko za ka ɗauka, watau zuriya ta 10. Windows 11 galibi daga zuriya ta 8 ta ke karɓa, wadda ta fara fitowa a 2017. Saboda haka kada mai sayarwa ya ruɗe ka da cewa, "Ai i7 ce." Tambaye shi, "Zuriya ta nawa?" Tsohuwar i7 ba ta cika sharaɗi ba, alhali sabuwar i3 ta cika.

Akwai wata manhaja ta kyauta, PC Health Check, wadda ke duba kwamfuta ta gaya maka ko ta isa ko ba ta isa ba, da dalili. Wani lokaci sashen TPM yana nan, kashe shi kawai a ka yi. Mai gyara zai iya kunna shi cikin 'yan mintoci.

IN BA TA ISA BA FA?

Na san wani akawu a wata majemar fata a Challawa. Tasa kwamfutar zuriya ta 3 ce. Sau uku yana biya a tura mata Windows 11 da ƙarfi. Akwai dabarun yin haka, gaskiya ne. Amma Microsoft ya faɗa a fili cewa kwamfutar da a ka yi wa haka bai ɗauki alkawarin aiko mata da gyare-gyare ba. Ga shi kuma ba ka san abin da a ka cusa cikin manhajar da ba daga tushe ta fito ba. Kuɗin da ya kashe sau uku da ya isa ya yi abin da ya fi.

Hanyoyi uku ne a gabanka.

Ta fari, ka bar ta a kan Windows 10, amma ka san iyakarta. Microsoft ya buɗe wani shiri na ƙarin wa'adi ga masu kwamfutar gida, na shekara guda, zuwa 13 ga Oktoba 2026. Kwamfutar da ba ta samun gyaran tsaro tana iya yin rubutu da lissafi da buga takarda. Amma kada ka shiga banki da ita, kada kuma ka jona mata kowane filash da ka tsinta.

Ta biyu, ka sa mata wata uwar manhaja dabam. Akwai Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Kyauta ce, ba sata ba ce, masu ita ne su ka ce kowa ya ɗauka. Tana da iri-iri. Akwai Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, ya kafa a 2004. Akwai kuma Linux Mint, wadda fuskarta ta yi kama da Windows. Suna tafiya lafiya a kan tsofaffin kwamfutoci da yawa. A kan same su da LibreOffice, wadda ke buɗe takardun Word da na Excel. Ana iya gwada su daga filash ba tare da an taɓa ma'ajiya ba. Sai dai ka bincika tukuna, don akwai manhajojin Windows da ba sa aiki a kansu.

Ta uku, ka tara kuɗi ka sayi wadda ta cika sharaɗi. In ka je, ka riga ka san tambayar da za ka yi.

Kowace hanya ka bi, akwai gyara guda da ke mai da tsohuwa yarinya. A cire tsohuwar ma'ajiya mai faifai, a sa irin wadda a ke kira SSD. Ba ta da abin da ke juyawa a ciki, ta fi sauri nesa ba kusa ba, ta kuma fi jure jijjiga. Tsohuwar ka ajiye ta, don kayanka suna ciki.

IN ZA KA WURIN MAI GYARA

Akwai masu gyara a Farm Centre, da titin Beirut, da unguwanni da yawa. Cikinsu akwai gwanaye ƙwarai. Amma mai gyara yana da layi, fomat kuwa shi ne hanya mafi sauri. Shi bai san darajar abin da ke cikin kwamfutarka ba, sai ka faɗa masa. Saboda haka ka ce masa abu uku.

"Ga lambar da ta nuna."

"Akwai kayana a ciki, kada a share."

"A kwafe mini su a gabana kafin a yi kome."

Ko kwamfuta ta ƙi tashi ƙememe, ana iya ciro ma'ajiyar a jona ta da wata kwamfuta, ko a tashe ta da filash mai Linux, a kwashe kayan. Sai dai in an kulle ma'ajiyar da makullin da a ke kira BitLocker. Wannan yana da mabuɗi mai lamba 48, wanda a kan ajiye cikin asusunka na Microsoft. In kwamfutarka tana da shi, nemo lambar tun kana lafiya da ita, ka rubuta a takarda, ka ɓoye. In babu lambar, ba mai iya buɗewa.

ƘARSHEN LABARI

Kwamfutar maƙwabcina zuriya ta 8 ce, ta cika sharaɗi. Mu ka kwafe kayansa a filash, ya buga lissafin adashi a takarda. Mu ka duba ma'ajiya, sai mu ka tarar fili bai kai 10 GB ba, bidiyon bikin ƙanensa ya cinye wurin. Mu ka kwashe. Ran Lahadi da safe ya koma shagon mai janareta, ya biya kuɗin caji, ya zauna. Kafin azahar aiki ya ƙare. Wanda ke da kwasa ya kwashi kuɗinsa a kan kari. Bayan albashi kuma ya sayi sabon batir.

Da na gan shi daga baya sai ya ce, "Malam, saura ƙiris in share amanar mutane da hannuna." Na ce, "Yanzu ka sani. In ka ga wani a wurin aikinku zai kai tasa fomat, kai ma ka tsai da shi."

TAMBAYOYI

1. Mene ne aikin uwar manhaja?
2. Kwana nawa kwamfuta ta kan ajiye tsohuwar manhaja bayan an sabunta?
3. Me za ka fara yi kafin ka sabunta kwamfutarka?
4. Faɗi dalilai huɗu da ke sa sabuntawa ta cije.
5. Furosesa mai suna Core i7-4600U zuriya ta nawa ne? Ya cika sharaɗin Windows 11?
6. Waɗanne abubuwa uku za ka gaya wa mai gyara?
7. Kwafi wannan jimla a littafinka: Kwafi tukuna, sa'an nan gyara.